Tafasa da Rai Ɗore: Haki Biyu a Bakin Gona, Kowanne da Ƙa'idarsa

Ina gaida manomanmu na Funtua da Bakori da Ɗanja, ina gaida mutanen Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, da duk wanda yake saurarenmu a inda yake. Allah ya kai mu kaka lafiya, ya sa albarka a abin da muka shuka.

Yau maganar haki za mu yi. Hakin da ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya zuba masa taki, amma da ruwa ya zauna sai ka gan shi ya rufe bakin hanya da bayan gari da gefen juji. In ka bi titin Funtua zuwa Malumfashi a watan Agusta, dama da hagu shi ne kore shar. Mafi yawan mutane in sun gan shi sai su ce tafasa ce. To gaskiya ba tafasa kaɗai ba ce. Haki biyu ne suke fitowa wuri guda, dangin juna ne, furensu duka rawaya ne. Ɗaya tafasa, ɗayan kuma rai ɗore, wanda wasu suke kira sanga-sanga. Tafasa abinci ce. Rai ɗore magani ne, amma 'ya'yansa suna kashe yaro. Wannan bambancin shi ne duka abin da nake so mu tashi da shi a yau.

Bari mu fara da yadda ake gane su, don Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Ɗauki reshen tafasa ka duba. A kowane sili za ka ga ganye shida, uku a dama uku a hagu, suna fuskantar juna. Bakin ganyen a kewaye yake, ya fi faɗi ta can ƙarshe, kamar cokali. In ta yi 'ya'ya, kwansonta siriri ne dogo, a lanƙwashe kamar lauje, 'ya'yan ciki kuma masu sheƙi ne, masu kusurwa, kamar an yanka su da wuƙa.

Shi kuwa rai ɗore, ganyen da ke silinsa ya fi yawa, yawanci takwas ko goma, kuma kowane ganye bakinsa a tsine yake kamar mashi. Karansa yakan yi ja-ja. In ka murza ganyen a hannu ka sansana, wani wari mai hawa kai zai buge ka, ba sai an gaya maka ba. Kwansonsa ya fi na tafasa faɗi, a ɗan baje yake, in ya bushe tsakiyarsa ta yi duhu gefe da gefe ya yi haske. 'Ya'yansa a baje suke su ma, ba su da sheƙin na tafasa. Masana tsirrai suna kiran tafasa Senna obtusifolia, rai ɗore kuma Senna occidentalis. Kun ji sunan farko ɗaya ne, wato gida ɗaya suka fito, tare da filasko da muka sani na wankin ciki.

To ita tafasa, ba sai na tsaya yi wa mutumin Bakori bayaninta ba. A tsinko ɗanyen ganye tun yana ƙarami, a dafa, a zubar da ruwan, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan yaji. Wasu su yi miya, wasu su sa a dambu, wasu su shanya su ajiye don rani. Lokacin da tafasa take fitowa shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Gidaje nawa ta riƙe a irin wannan tsakanin? Allah kaɗai ya sani. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Sudan da Cadi, musamman yankin Darfur, suna daka ɗanyen ganyen tafasa su cusa a tukunyar ƙasa su binne ta na kimanin mako biyu har ya ruɓa kamar yadda muke yin daddawa, sannan su cura su shanya. Sunansa kawal a can, kuma shi ne yake tsaya wa talaka a madadin nama a miya.

Ta fuskar magani ma, tafasa tana sassauta ciki. Wanda bayan gida yake yi wa wuya in ya ci kwaɗonta yakan ji sauƙi. Dalili kuwa, duk dangin nan suna ɗauke da wasu sinadarai da ake kira antirakuinon, waɗanda suke motsa hanji ya tura abin da ke cikinsa. Ƙwayar Senokot da ake sayarwa a kemis don taurin bayan gida, daga wani ɗan'uwansu ake yin ta. Shi ya sa iyayenmu suke zubar da ruwan dahuwar farko, shi ya sa kuma wanda ya cika cikinsa da tafasar da ba ta dahu sosai ba yake kwana yana zarya.

Wata baiwar Allah 'yar Amurka mai suna Nina Etkin, tare da abokin aikinta Paul Ross, sun zauna a wani ƙauyen Hausawa kudu maso gabas da Kano a shekarun 1970, suka sake dawowa a shekarun 1980, suna rubuta abin da mutane suke ci da abin da suke sha na magani. Abin da suka lura da shi shi ne, da yawan ganyayyakin da Bahaushe yake ci da damina su ne dai waɗanda yake ambata in ka tambaye shi maganin zazzaɓi. Wato a wurinmu, tukunyar miya da tukunyar magani ba su yi nisa da juna ba. Tun kafin su ma, wani likitan Turawan mulki, Dalziel, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Ilimin nan tsoho ne, har baƙi sun zo sun rubuta shi.

Yanzu mu dawo kan rai ɗore, wanda shi ne ainihin maganin.

Me iyayenmu suke yi da shi? Na farko, surace. Mutum ya kwana da masassara, jiki duk ya yi tsami, sai a samo ganyen rai ɗore, a haɗa da na darbejiya, wasu su ƙara na mangwaro ko gwaba ko lemun tsami, a tafasa, a sauke, mara lafiya ya lulluɓa da bargo ya sha tururin har gumi ya keto masa, sannan a sirka ruwan ya yi wanka. Na biyu, akan sa shi a ruwan wankan jego. Na uku, fata: makero a kan yaro, ƙyasfi, ƙaiƙayi, sai a daka ɗanyen ganye a shafa ruwan a wurin. Na huɗu, akan dafa ganyen ko saiwar a ba babba ya kurɓa kaɗan, don zazzaɓi ko ciwon ciki.

Ku lura da wani abu a jerin nan. Uku daga cikin huɗun a bayan jiki ake yin su. Wanda ake sha kuma, ganye ne ko saiwa, kaɗan ne, kuma na kwana biyu ko uku ne. Tsohuwar da ta san aikinta ba ta taɓa ɗebo ɗanyun 'ya'yan rai ɗore ta ce a ba yaro ba. Ƙa'idar tana nan cikin aikin, ko da ba a rubuta ta a takarda ba.

Shin yana aiki kuwa? Bari in ba ku misalin ƙasar Mali. A Bamako akwai sashen gwamnati na binciken maganin gargajiya, sun haɗa wani maganin zazzaɓi da suka kira Malarial 5, kuma kaso mafi yawa a cikinsa ganyen rai ɗore ne, tare da wasu tsirrai biyu. An auna shi, an ƙulla shi a takarda, an rubuta yadda za a sha. Da aka gwada shi a kan marasa lafiya, an ga yana sauke zafin jiki, mutum ya ji dama, amma bai kai maganin asibiti share ƙwayar maleriya daga jini ba. To ka ji iyakarsa. Yana kawo sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma jin sauƙi daban, mutuwar ƙwayar cuta daban. Babba mai ƙarfi da ya saba da maleriya tun yana yaro, jikinsa yana iya ƙarasa sauran yaƙin. Yaro ɗan shekara biyu ba shi da wannan garkuwar. Shi zazzaɓin ya lafa yau, jibi sai a ga ido ya yi fari, jini ya ƙare, ko jijjiga ta kama shi.

Kada wani ya ɗauka ina raina ganye. Maganin maleriya da ake ba mu a asibiti yanzu, irin su Coartem, asalinsa daga wani haki ne dangin tazargade. Wata mata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ta jagoranci ciro sinadarin daga ganyen a farkon shekarun 1970, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Bambancin kawai, nasu an auna shi. An san yaro mai nauyin kilo goma ƙwaya nawa zai sha. Mu kuwa tukunyarmu yau ta yi kauri, gobe ta yi ruwa-ruwa, hannun Iya daban, hannun Goggo daban.

Yawwa, yanzu ga maganar da ta sa na ɗauko wannan batu. Iyaye mata, ku ɗan matso kusa.

A arewacin Indiya, a jihar Uttar Pradesh, akwai wani yanki da ake kira Saharanpur. Shekara da shekaru, duk ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Disamba, sai wata cuta ta riƙa ɗauke ƙananan yara, yawancinsu 'ya'yan talakawa na ƙauye. Yaro yana wasansa lafiya, sai amai, sai ya fara fizge-fizge yana abu kamar ba ya cikin hayyacinsa, sai barci mai nauyi, sai suma. Cikin kwana biyu ko uku an rasa shi. Fiye da rabin waɗanda abin ya kama ba sa tashi. An daɗe ana cewa ciwon kumburin ƙwaƙwalwa ne da wata ƙwayar cuta take kawowa, aka yi ta neman ƙwayar ba a same ta ba. Sai wani likitan yara, Vipin Vashishtha, tare da Farfesa Jacob John da abokan aikinsu, suka bi diddigin abin gida-gida. A 2007 suka fitar da sakamako: yaran nan 'ya'yan rai ɗore suke ci. Hakin ya cika bayan gidajensu, kwanson ya yi kama da wake, yaro da yunwa a cikinsa ya ɓare ya watsa a baki. Dafin ya lalata hanta, ya lalata tsokar jiki, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Da aka shiga wayar da kan mutane, ana tuge hakin daga kewayen gidaje, mace-macen suka ragu ƙwarai.

Jama'a, wannan hakin na Saharanpur shi ne dai wanda yake bayan makarantar allon unguwarku. Shi ne a bakin kududdufi, shi ne a gefen masussuka. Nan ma da kaka yake ɗaukar 'ya'ya, lokacin da manya duk suna gona wajen karyar masara, yara suna yawo su kaɗai. Kuma ku dubi alamomin: amai, ruɗewa, suma. In aka ga haka a gidajenmu me za a ce? Wani ya ce maleriya ce ta hau kai, wani ya ce iska ce. Ba wanda zai tuna ya tambayi yayyen yaron, me kuka ci a waje yau? To daga yau a riƙa tambaya. In aka ce ya ci wani abu kamar wake a bayan gari, a ɗebo kwanson a tafi da shi asibiti tare da yaron, a nuna wa likita. Kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jira a ga abin da hali zai yi. Babban asibitin Funtua yana nan, na Malumfashi yana nan, wanda ya fi kusa da kai shi za ka nufa.

Abin ya fi damuna a wannan zamani saboda dalili biyu. Na ɗaya, tsadar rayuwa ta sa mutane sun koma wa ganye fiye da da, na ci da na magani. Na biyu, rashin tsaro ya taso mutane da yawa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, sun dawo cikin gari. Da, kaka ce take fita da jikoki tsinkar tafasa, tana nuna musu, wannan a tsinka, wancan a bar shi. Yanzu sau da yawa yarinya 'yar shekara bakwai ake miƙa wa kwano a ce je ki samo. Hakin yana nan yadda yake, masu nuna shi ne suka yi ƙaranci.

Manoma da masu kiwo, ku ma da naku. A Amurka da Barazil an sha samun shanu sun mutu bayan sun ci rai ɗore mai 'ya'ya. Saniya ta fara zawo, ƙafafu su yi rauni, fitsarinta ya yi duhu kamar baƙin shayi, ta kwanta ta kasa tashi. Ai kun lura dabba ba ta cika kula shi ba in akwai wata ciyawar, warin yana korar ta. Matsalar tana zuwa ne in an yanke shi cikin harawa, ko 'ya'yan sun shiga cikin hatsi. Mu nan ƙasar masara ce da waken suya. In ka bar rai ɗore ya nuna a gonar waken suya, ka tuge duka ka zuba a injin casa, 'ya'yansa sun bi waken sun shiga buhu. Daga nan sai kasuwar Ɗandume ko ta Funtua, daga nan sai injin haɗa abincin kaji. Kajin da suka ci irin wannan abincin sukan rame, ƙwai ya ragu, wasu su mutu, mai gidan gona yana ta sayen magani bai san daga buhu abin ya fito ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: a cire shi tun yana fure, kafin ya ɗaure kwanso.

Akwai kuma kuɗi a maganar. 'Ya'yan tafasa yanzu haja ne. Ana tara su a ƙauyuka, a kai kasuwar Dawanau ta Kano, a fitar da su zuwa Indiya da Sin. A can ana ciro wani gari daga cikinsu mai sa abu ya yi kauri, ana sa shi a cuku da askirim da abincin karnuka da kyanwoyi na gwangwani, wasu kuma su soya su su yi shayi. Ƙa'idar Tarayyar Turai a kan wannan garin ta ce 'ya'yan rai ɗore da ke gauraye cikin na tafasa kada su kai kashi 0.05 cikin 100. Ka yi lissafi: a buhu mai kilo 100, kada su kai giram 50, abin da bai wuce cikin hannu guda ba. Kun ga su ma sun san abin da kakanninmu suka sani. Saboda haka mata da yaran da suke tara 'ya'yan tafasa don sayarwa, in kuka gauraya, kayanku ne zai faɗi a hannun dillali. Tsabtace shi riba ce.

Wani zai ce, ai Malam, akwai masu soya 'ya'yan rai ɗore su daka su sha kamar kofi. Haka ne, ana yi a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, irin su Senegal. Amma wannan manya ne, kuma sai an soya shi ya yi baƙi ƙirin. Ba hujja ba ce ta barin ɗanyensa a inda hannun yaro zai kai.

To bari in tattara abin da nake roƙo, yadda kowa zai riƙe.

Surace da wanka da shafawa a fata, a ci gaba, amma a kula da ruwan zafi kusa da yara, kuma kada a lulluɓe jariri ko mai jijjiga a cikin tururi. Makero in ya ci kan yaro har gashi yana zubewa, shafe-shafe ba ya kaiwa saiwar gashi, sai an haɗa da maganin sha daga asibiti.

Mai ciki kada ta sha rai ɗore, ganye ko saiwa. Mai shayarwa ma ta bar shi, domin abin da ke motsa hanjinta yana iya bin nono. Ƙaramin yaro ba a ɗura masa. Wanda idonsa ya yi rawaya, wato shawara, shi ma kada a ba shi, ko da an saba yin haka, domin hantarsa ce take ciwo, kuma hanta ita ce wurin da dafin wannan haki yake fara sauka. Babba mai lafiya da ya ga zai sha, kada ya mayar da shi shayin kullum.

Zazzaɓi a jikin yaro, a yi gwaji a ranar. Ɗan tsinin nan da ake yi a yatsa, minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. In maleriya ce a ba shi maganin ya shanye na kwana uku cif, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Masu bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin maleriya, aikin da aka fara a jihar Katsina tun 2013, a buɗe musu ƙofa. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, ba ciwon da za a yi wa sakaci ba ne.

Masu tsinkar tafasa kuma, a guji gefen gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa. Yanzu kusan kowa feshi yake yi, ganye yana iya zama kore alhali jiya aka fesa shi. A tambayi mai gona.

Na ƙarshe, kuma shi ne ya fi sauƙi. Gobe da safe, Baba, ko Inna, ko Yaya, ka fita bayan gida ka karyo reshen tafasa ɗaya da na rai ɗore ɗaya. Tara yaran gidan. Su ƙirga ganyen da kansu, su taɓa bakinsa, su murza su sansana. Ka nuna musu kwanson ka ce, wannan ko yunwa za ta kashe ka kada ka sa shi a baki. Malaman makarantun allo da na firamare, ku ma minti biyar ya ishe ku. Sannan duk rai ɗoren da ke kusa da inda yara suke wasa a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya. Wanda ake buƙata don magani, daji cike yake da shi.

Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne. To mu karɓi maganin tare da ƙa'idar da masu shi suka bar mana.

Wanda yake da wani suna da ake kiran hakin nan a garinsu, ko wata hanya da ya ga tsofaffi suna amfani da shi, ya rubuto mana a ƙasa, mu ƙaru da juna. A tura wa 'yan'uwa, musamman na ƙauye, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar mana da ƙasarmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.